Wutar Rana a Kan Rufin Gida: Abin da Ya Kamata Magidanci Ya Auna Kafin Ya Saya



GABATARWA

Duk wanda ya hau bene a Kano, ko Zariya, ko Sakkwato a 'yan shekarun nan, ya dubi rufin gidajen da ke kewaye da shi, zai ga wani abin da babu shi a da, watau baƙaƙen farantai masu ƙyalli da aka jera bisa kwano suna duban sama. Waɗannan su ne farantan da ke juya hasken rana ya zama wutar lantarki, abin da jama'a suka taƙaita suke ce wa sola. Da fari sai a asibiti ko a gidan attajiri akan gan su, amma yanzu har malamin makaranta da akawun ofis suna ta ƙidayar yadda za su kai ga nasu.

Makasudin wannan lacca shi ne a duba abubuwan da ya kamata magidanci ya auna dangane da kafa wannan na'ura a gidansa, da kula da ita, da kuma biyan kuɗinta. Jigon maganar kuwa guda ɗaya ne. Ran da mutum ya ɗora faranti bisa rufinsa, to, ya zama shi ne kamfanin wutar gidansa, lissafi da gyara da asara duk sun koma wuyansa. Hasken rana kyauta ne, amma ajiye shi har dare yana cin kuɗi, kuma kuɗin nan yakan sake dawowa bayan 'yan shekaru. Magidancin da bai san haka ba tun farko yana iya zuba albashin shekara guda, bayan shekara biyu ya wayi gari cikin duhu, ga bashi bai ƙare ba. Tsugune ke nan ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

ABIN DA YA KAWO WANNAN HALI

Sanin cewa haske yana iya haifar da lantarki ya daɗe. Tun a shekarar 1839 wani matashi Bafaranshe mai suna Edmond Becquerel ya lura da haka a ɗakin bincike. Amma sai a 1954 masanan ɗakin binciken Bell da ke Amurka suka ƙera ƙwayar silikon ta farko mai amfani, wadda take juya kamar kashi 6 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta. Saboda tsadarta, da farko sai a taurarin ɗan'adam ake sa ta, kamar wanda Amurka ta harba a 1958 mai suna Vanguard 1. Masanan wannan yanki ma ba a bar su a baya ba. Farfesa Abdou Moumouni, wanda Jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana na Jamhuriyar Nijar tun daga 1969, a Sakkwato kuma aka kafa cibiyar binciken makamashi a 1982. Farantan da ke kasuwa a yau suna juya kashi 20 cikin ɗari ko fiye, farashinsu kuwa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, galibi saboda masana'antun ƙasar Sin, wadda take ƙera fiye da kashi 80 cikin ɗari na farantan duniya.

Araha kaɗai ba ta isa ta ja mutane ba, sai da matsi ya haɗu da ita. An kafa hukumar NEPA a 1972, aka mayar da ita PHCN a 2005, sa'an nan a 2013 aka danƙa aikin raba wuta ga kamfanoni 11, cikinsu har da KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa. Duk da wannan sauye-sauyen suna, wutar da ake rabawa ta daɗe tana kai da komowa tsakanin megawat 4,000 da 5,000, a ƙasar da jama'arta suka haura miliyan 200. Muddin man fetur yana da araha, injin janareta ne ya riƙa cike giɓin.  Amma a ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga kamar naira 68 zuwa 225 kowane yunit, ko da yake daga baya an ɗan rage. A Oktoban shekarar kuma lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta bar jihohi da dama cikin duhu fiye da mako guda.

A ɗaya gefen, Arewa tana da arzikin da kudancin ƙasar bai kai ta ba. A tsakaici, kowace murabba'in mita ta ƙasar Kano ko Sakkwato tana samun ƙarfin hasken da ya kai yunit 5.5 zuwa 6.5 a wuni. Saboda haka babu mamaki da idon magidanci ya koma sama.

SASSAN NA'URAR

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan na'ura ita ce a kwatanta ta da noma. Faranti shi ne gona, a nan ake samun amfani, amma da rana kaɗai. Batir shi ne rumbu, inda ake zuba abin da aka girbe domin a ci da dare. Inbata kuwa ita ce injin niƙa, domin wutar da faranti da batir suke bayarwa mai gudu ɗaya ce, irin ta batirin mota, alhali kayan gida an ƙera su ne domin wuta mai kai da komowa, ta bolt 230, irin wadda kamfani yake kawowa. Aikin inbata shi ne ta juya waccan ta zama wannan. Akwai kuma na'ura ta huɗu mai ƙayyade cajin da ke shiga batir don kada ya cika ya lalace. A inbatocin zamani galibi tana haɗe a ciki.

A nan akwai wani bambanci da ya wajaba a lura da shi, musamman ga ɗalibai masu karanta abin da aka rubuta a ƙasashen waje. A Jamus, inda dokar shekarar 2000 ta tilasta wa kamfanonin wuta sayen abin da magidanci ya samar, da Ostareliya, inda kusan gida ɗaya cikin uku yake da farantai a rufinsa, wayar kamfani ita ce rumbu. Da rana mutum ya tura mata rarar wutarsa, da dare ya karɓo. Shi ya sa littattafansu suke cewa sola ba ta da wata ɗawainiya. Amma irin inbatar da ta dogara ga wayar kamfani kaɗai an ƙera ta ne ta mutu da zarar an ɗauke wuta. Inda ake ɗauke wuta kullum, dole mutum ya gina nasa rumbun a cikin gida, kuma wannan rumbu shi ne ya fi kome tsada idan aka duba tsawon shekaru.

LISSAFI KAFIN SAYE

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya je kasuwa ya tambaya, "Sola ta nawa kuɗina za su saya?" Tambayar da ta kamata ya fara yi wa kansa ita ce, "Wuta nawa gidana yake sha a wuni?" Amsarta tana jikin kayan gidan, domin kowane an rubuta masa adadin wat ɗin da yake ja. Idan aka ninka wat da yawan awoyin da abu yake aiki, aka raba da 1,000, an sami yunit, irin wanda ake saye a zuba a mita.

Alal misali, a ɗauki gidan ma'aikaci mai matsakaicin albashi. Yana da ƙwan lantarki 8, kowane wat 10, suna ci awa 6: wat 480 ke nan. Yana da fanka 4, kowace wat 70, suna juyawa awa 10: 2,800. Talabijin mai wat 100 na awa 5: 500. Firji ɗaya yana shan kamar 1,500 a wuni da kwana. Cajin wayoyi da kwamfuta a ba su 220. Jimla ta kama 5,500, watau yunit 5.5.

A Arewa, bayan an cire abin da zafi da ƙura da wayoyi da inbata suke cinyewa, farantai masu ƙarfin kilowat ɗaya suna ba da kamar yunit 4 a wuni. Bisa takarda, kilowat ɗaya da rabi ya ishi wannan gida. Amma akwai hadarin watan Agusta, akwai hazon hunturu, don haka mai hankali zai nemi kilowat 2, watau manyan farantai 4 masu wat 550 kowane. Cikin yunit 5.5 ɗin nan, kamar 3.5 bayan faɗuwar rana ake shan su, kuma wannan adadi shi ne girman rumbun da ake bukata. Ita kuwa inbata, ana auna ta ne da jimlar kayan da za su yi aiki lokaci ɗaya, a ƙara mata sarari, saboda firji da injin tura ruwa sukan ja ninki uku ko fiye na ƙarfinsu a daidai lokacin tashi.

Wannan lissafi yana rushewa da zarar an shigo da kayan zafi da na sanyi. Dutsen guga yana jan wat 1,000 ko fiye, haka ma abin dafa ruwa. Na'urar sanyaya ɗaki guda, ko ƙarama ce, in ta kwana tana aiki tana iya shan abin da ya kai na dukan gidan. Saboda haka rage sha ya fi ƙara faranti araha. Sauya tsofaffin ƙwayaye da fankoki da masu shan wuta kaɗan yana iya rage faranti guda da batir guda daga cikin lissafi. Kazalika, guga da tura ruwa tanki a mayar da su rana tsaka, lokacin da wutar take zuwa kai tsaye daga rufi ba ta bi ta batir ba. Wannan tsari ba ya yiwuwa sai da yardar uwargida, domin sau da yawa ita ce a gida a wannan lokaci, ita ce kuma za ta hana yara jona hita da dare. Magidancin da ya kafa sola bai zauna da iyalinsa ya bayyana musu iyakarta ba, ya bar aikin rabi.

RUFI DA AIKIN KAFAWA

Farantai 4 ɗin da aka ambata suna cin fili kamar murabba'in mita 10, nauyinsu kuma ya haura kilo 100, watau buhu biyu na siminti, kuma za su zauna a wurin shekara 25. Lalle ne a fara duba rufin. Idan katakon ya ci gara, ko kwanon ya yi tsatsa, a gyara tukuna, domin sauke farantai a sake mayar da su wani kuɗi ne. Rufin soro na azara da ƙasa ba ya son huda, gara a kafa ƙarfe a tsakar gida ko bisa rumfa. A kan kwano kuwa, a ɗaure ƙarafan a jikin katako, a toshe kowace huda sosai. Guguwar farkon damina da take yaye rufin makarantu ba za ta bar farantin da aka ɗaure da waya ba.

Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka farantai su fuskanci kudu, a karkata su kamar digiri 10 zuwa 15. Ba a so karkatar ta yi yawa, domin daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana ratsawa ne ta ɗan arewa da tsakar ka. Ba a kuma so a shimfiɗa su kwance, don ruwan sama ya sami gangaren wanke su. Sa'an nan a bar sarari kamar faɗin tafin hannu tsakanin faranti da kwano, iska ta riƙa ratsawa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne faranti haske yake so, zafi cutar da shi yake yi. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana rage masa kamar kashi ɗaya bisa uku na kashi ɗaya cikin ɗari. A bazara, lokacin da faranti bisa kwano yake kai digiri 65, asarar takan kai kamar kashi 13 cikin ɗari.

Inuwa ma abar dubawa ce. Galibi ana jona farantai ne a jere, kamar raƙuman ayari, don haka inuwar darbejiya, ko tankin ruwa, ko benen maƙwabci, in ta faɗa kan guda ɗaya sai ta ja sauran baya. Ya kamata a tsaya a wurin da hantsi, da azahar, da la'asar, a ga inda inuwa take faɗawa kafin a buga ƙusa.

Game da ingancin kaya, akwai gwaji guda biyu da ba su bukatar injiniya. Murabba'in mita ɗaya ta faranti mai kyau tana ba da wat 200 zuwa 220. Duk farantin da bai wuce wannan girma ba amma aka manna masa takardar wat 400, takardar ce ta yi ƙarya. Haka nan babban batirin ruwa na ƙwarai, wanda aka rubuta wa 12V da 200Ah, nauyinsa kilo 60 ne ko kusa da haka; in mutum ɗaya ya ɗaga shi ba da nishi ba, an rage dalmar da ke ciki. Araha ba ta ado.

Shi kuma mai kafawa, a nemi wanda yake da takardar shaidar hukumar NEMSA, wadda take tantance masu aikin wayar lantarki, a kuma je a ga aikin da ya yi shekara biyu da suka wuce, a tambayi mai gidan. Abubuwa uku ba a sassauta su. Na farko, waya mai kauri daidai da wutar da za ta ɗauka, tare da fis tsakanin batir da inbata, domin siririyar waya da sakwarkwacewar mahaɗi su ne mafarin gobara. Na biyu, wayar da ake binnewa a ƙasa saboda tsawa. Na uku, makunnin da yake raba wayar gida da ta kamfani, don kada wutar gidan ta koma kan turke ta kashe ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton babu wuta. Daga ƙarshe a rubuta kome a takarda: sunan kowane kaya, da lambarsa, da tsawon garantinsa, da wanda za a mayar wa in ya lalace. A kuma riƙe wani kaso na ladan aiki har sai na'urar ta yi mako guda tana kai iyali asuba.

Wanda yake gidan haya, ko ma'aikacin da ke gidan gwamnati wanda ana iya yi masa canjin wurin aiki kowane lokaci, ya sami yardar mai gida a rubuce, ya kuma sa a ɗaure kayan da noti yadda za su kwance ba tare da ɓarna ba.

ZAƁEN BATIR

Batura iri biyu ne suka cika kasuwa. Akwai na dalma da ruwa, wanda ake ce wa tubula. Mai 12V da 200Ah yana ɗaukar yunit 2.4, amma rabi kawai ake so a sha, domin in ana ƙwaƙule shi kullum ba ya daɗewa. Ke nan gidan da aka yi misali da shi yana bukatar guda 4, biyu ba za su kai shi asuba ba. Zafi babban maƙiyinsa ne: abin da masana suka sani shi ne duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 bisa 25 yana raba kwanansa biyu. Saboda haka a ƙasa irin wannan, shekara 2 zuwa 4 ita ce abin da za a sa rai.

Na biyu shi ne na litiyam. Ana iya shan kashi 80 cikin ɗari nasa ko fiye, ba a ƙara masa ruwa, kuma na ƙwarai yana jure caji da saukewa sau dubbai, abin da zai kai shekara 10. Mai yunit 5 guda ɗaya ya ishi wancan gida. Ya fi tsada ran saye, amma cikin shekara 10 mai tubula zai sayi nasa sau uku. Don haka ba a gwada farashin batir da farashin batir, sai an raba kowane da yawan shekarun da zai yi.

KULAWA

Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Faranti ba shi da abin da ke juyawa, ƙarfinsa yana raguwa ne da kamar rabin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara, shi ya sa masu ƙera shi suke ba da tabbacin zai riƙe kashi 80 cikin ɗari ko fiye bayan shekara 25. Abin da ya fi damun sa a nan shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris, in aka bar ta makonni tana taruwa, tana iya cinye kashi ɗaya bisa biyar na wutar, ko fiye. A wannan lokaci a wanke farantai mako-mako, da ruwa zalla da tsumma mai laushi, da sassafe ko bayan la'asar. Ba a zuba ruwan sanyi a kan gilashin da ya ɗauki zafi, ba a goge shi da soson ƙarfe, ba a taka shi. Kuma ba aikin da za a tura yaro ya hau kwano ya yi ba ne.

Batir da inbata a ajiye su a wuri mafi sanyi a gidan, mai shan iska, nesa da madafa da ɗakin kwana, domin batirin ruwa yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. A duba ruwansa kowane wata, a cika shi da tataccen ruwan batir kaɗai, ban da na famfo ko na rijiya. Kada a haɗa sabo da tsoho, domin tsohon zai ja sabon ƙasa. Sau ɗaya a shekara, kafin damina, a kira mai aikin ya ɗaure mahaɗai, ya duba ko ɓera ya ci waya. Inbata ma tana da nata kwana, a sa rai da sauya ta ko gyara ta kamar bayan shekara 10. Yana da kyau a ajiye ɗan littafi a riƙa rubuta yunit ɗin da inbata ta nuna kowane mako. In adadin ya faɗi babu hadari babu hazo, an gane akwai matsala tun ba ta girma ba.

Mataccen batir kuma ba abin jefarwa a kango ba ne, ko a bar yara su fasa. Dalma guba ce, ta fi yi wa ƙananan yara illa. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara kimanin 400, ya isa ishara. A mayar da tsohon batir ga dillali a rufe, a karɓi rangwame a kan sabo.

BIYAN KUƊI

Kusan dukan waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu yana bin dala. A Mayun 2023 dala tana kamar naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Saboda haka duk adadin nairar da aka faɗa a lacca irin wannan zai tsufa kafin a buga ta. Abin da ba ya tsufa shi ne hanyar lissafin.

Matsakaicin injin janareta na gida yana shan kusan lita ɗaya a awa. In yana aiki awa 5 kowane dare, lita 150 ke nan a wata, 1,800 a shekara. In an ɗauka, don sauƙin lissafi, lita tana naira 1,000, to, naira 1,800,000 ke nan a shekara, ban da baƙin mai, da ladan makaniki, da hayaƙin da ya sha kashe iyali guda a cikin barci. Magidanci ya raba kuɗin sola da wannan adadi, zai ga shekarun da za ta yi kafin ta mayar masa da kuɗinsa. Sai dai a faɗi gaskiya: wannan riba ta mai ƙona fetur ce. Wanda dama da fitilar caji yake kwana, sola ba za ta rage masa kashe kuɗi ba. Sabon jin daɗi ne zai saya, kuma ya auna shi da sauran bukatun gida, kamar kuɗin makaranta.

Hanyoyin biya huɗu ne. Ta farko, biya hannu da hannu, daga ajiya ko kwasar adashi. Ita ce mafi araha. Wanda kuɗinsa ba su kai ba yana iya farawa da inbata isasshiya da farantai biyu, ya ƙara sauran daga baya. Ta biyu, ƙungiyar gama kai ta ma'aikata, wadda take iya sayo kaya da yawa a farashin sari, ta riƙa yanka daga albashi. Ta uku, banki. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga ma'aunin ruwansa zuwa kashi 27.5 cikin ɗari, kuma ruwan da bankunan kasuwanci suke ɗora wa mai rance yakan bi wannan ma'auni. Masu gudun riba suna da bankunan da ba sa aiki da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, inda banki yake sayen kayan ya sayar wa mutum da ribar da aka sani, ya biya kaɗan-kaɗan. Ta huɗu, kamfanonin da suke ba da ƙaramar na'ura mai ɗaukar 'yan ƙwayaye da fanka da talabijin, a ba da kafin alƙalami, a riƙa biya ta waya mako-mako ko wata-wata, in an yi jinkiri na'urar ta kulle kanta. Irin wannan tsari yana cikin abin da hukumar kai wuta karkara take tallafa wa, kuma a Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin faɗaɗa wutar da ba ta dogara ga babban layi ba a Nijeriya.

Kowace hanya aka bi, ƙa'ida biyu suna nan. Ta farko, a tara dukan abin da za a biya daga farko har ƙarshe a gwada shi da farashin hannu da hannu, kuma kada wa'adin bashi ya fi kwanan batir tsawo. Ta biyu, tun daga watan farko a buɗe asusun batir. A raba kuɗinsa da wata 36 in tubula ne, ko 120 in litiyam ne, a riƙa ware wannan adadi kowane wata daga abin da a da ake ba mai gidan mai, a kuma sake duba shi kowace shekara saboda tashin farashi. Wannan shi ne ainihin kuɗin wutar mai sola. Ba mai zuwa ya yanke masa waya in bai biya ba, amma rana ba ta ƙarya.

KAMMALAWA

An ga cewa abin da ya tura magidanta ga sola shi ne arahar faranti, da tsadar mai, da rashin tabbas na wutar kamfani. An kuma ga cewa nasarar abin tana rataye ne ga lissafin shan wuta kafin a je kasuwa, da ingancin rufi da kaya da mai kafawa, da wanke ƙura da sanyaya batir, da kuma tanadin kuɗin batir na gaba. Ma'aikatan da ke cikin ƙungiyoyin gama kai suna da damar su sa a riƙa tantance dillali da mai kafawa kafin a yanki albashin kowa. Ɗalibai kuwa, su ne iyaye sukan miƙa wa takardar garanti da ta bayanin kaya, waɗanda galibi ba da Hausa aka rubuta su ba. Ɗalibin da ya iya karanta lambar da ke bayan faranti, ya ninka wat da awa, ya bayyana wa mahaifinsa da harshen da yake ji, yana iya tsare masa kuɗin sallamarsa na aikin shekara 35.

A nan wannan lacca ta tsaya.